Yadda Ake Ɗaukar Masu Gyaran Harabar Gida da Kwashe Tarkace

Abin da ake kira gyaran harabar gida ayyuka uku ne a haɗe, ko da yake mutane kan yi cinikinsu kamar aiki ɗaya. Akwai sharewa, wato yanke ciyawa, sassabe, rage rassan bishiya da tattara ganyaye. Akwai kwashewa, wato loda tarkacen a mota a fitar da shi daga gidan. Sannan akwai zubarwa, wato kai shi inda doka ta yarda a ajiye shi ko a sarrafa shi. Mai gida yana ganin na farko da na biyu da idonsa, amma na uku yana faruwa ne bayan mota ta sha kwana, kuma a nan ne yawancin bambancin farashi tsakanin ma'aikaci na kirki da mai aikin ganin ido yake ɓuya. Matakan da ke tafe sun fara ne tun kafin a kira kowa, domin wanda bai san abin da ke cikin harabarsa ba, ba zai iya gane farashin gaskiya idan an faɗa masa ba.

Mataki na farko: a zagaya, a rarraba, a auna

Kafin a nemi ma'aikaci, mai gida ya ɗauki waya da takarda ya zagaya harabar kusurwa-kusurwa, har da bayan ɗaki da gindin katanga da duk wani lungu da aka daɗe ba a leƙa ba. Ya ɗauki hoton kowane tsibi, sannan ya rubuta abin da ya gani a rukuni biyar: sharar tsirrai irin su ganye da ciyawa da rassa; kayan gida da suka tsufa irin su katifa da kujeru; ƙarafa; ɓaraguzan gini; sai kuma kayan da ke da haɗari. Dalilin wannan rabo shi ne kowane rukuni da inda ake kai shi da kuma kuɗin da ake caja a kansa. Sharar tsirrai zalla ana iya mayar da ita taki, shi ya sa wuraren da ke karɓar ta suke sauƙaƙa mata kuɗi, amma da zarar an cakuɗa ta da leda da fasassun kwalabe ta koma shara gama-gari, kuma farashin shara gama-gari za a biya.

Awo ba shi da wuya. Ana ninka tsawon tsibi da faɗinsa da tsayinsa, don haka tsibin da ya kai mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, mita 1 a tsayi, ya zama kubik mita 6 ke nan. Sai dai girma kaɗai ba ya faɗin gaskiyar aiki, domin nauyi ma yana da nasa hukuncin. Kubik mita ɗaya na kankare yana kai kimanin kilo 2,400, kuma ko an farfasa shi iska ta shiga tsakani, yana wuce tan ɗaya nesa ba kusa ba, alhali busasshen ganye mai wannan girman ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ba ta cika ɗaukar fiye da tan ɗaya ba, saboda haka idan ɓaraguzai ne za ta kai iyakar ƙarfinta tun bayanta bai yi rabi ba. Mai gidan da bai san wannan ba yakan ɗauka ana cutarsa ne idan ya ga mota ta tashi ba ta cika ba, alhali direban yana kare tayoyinsa da burkinsa ne. Rassa kuwa akasin haka suke: ba nauyi, amma suna cin wuri, kuma idan an daddatsa su gajeru kafin lodi, sawun mota yana raguwa sosai.

A wannan zagayen ne kuma ake buɗe kowace durowa da akwati da aljihun tsofaffin kaya. Takardun fili, takardun shaidar karatu, hotuna, tsofaffin wayoyi da kwamfutoci masu ɗauke da bayanan banki, duk suna iya bin mota idan ba a duba ba, kuma abin da ya isa juji da wuya ya dawo.

Kayan da ba a jefa su cikin mota haka kawai

Wannan rukunin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mai iya jawo rauni ko gobara ko tara daga hukuma, kuma shi ne masu aikin gaggawa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Na farko shi ne tsohon rufi ko silin ko bututun da aka yi da asbesto. Muddin yana nan lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma idan aka fasa shi ko aka yanka shi da zarto, yana sakin ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda ke maƙalewa a huhu su haddasa cutar da ba ta bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 40, wani lokaci ma fiye. Tarayyar Turai ta haramta amfani da shi gaba ɗaya a 2005, amma yana nan a tsofaffin gine-gine a ko'ina cikin duniya. Idan ana zargin wani allo asbesto ne, kada a bar lebura ya kakkarya shi don ya shiga baro, kuma kada a share ƙurarsa da tsintsiya a bushe. Aiki ne na waɗanda aka horar a kansa, masu jiƙa shi da ruwa su naɗe shi a leda mai kauri su kai shi wuri na musamman.

Batir iri biyu ne suka fi buƙatar kulawa, kowanne da nasa sharrin. Na mota da na ajiyar wutar sola na tsohon yayi yana ɗauke da dalma da ruwan asid, kuma dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara idan ta shiga ƙasa ko ruwan sha. Amma masu sake sarrafa shi suna saye, don haka babu dalilin jefar da shi. Batirin litiyum na waya da kwamfuta da kayan aiki masu caji kuwa yana iya kamawa da wuta idan aka matse shi ko aka huda shi, shi ya sa ake samun gobara a motocin shara masu matse kaya. A ware shi daban, a rufe bakinsa da salatif. Haka ma tukunyar gas, ko an ce ta ƙare, akwai ragowar da ke iya fashewa a cikinta.

Firji da na'urar sanyaya ɗaki suna da iskar sanyi a cikin bututunsu. Tsofaffin cikinsu suna ɗauke da nau'in iskar da ke lalata rufin ozon na sararin sama, wadda ƙasashen duniya suka amince a daina yin ta a Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987, kuma waɗanda suka maye gurbinta ma da yawansu suna ƙara ɗumamar yanayi. Ƙwararre ne yake zuƙe iskar zuwa cikin wata tukunya kafin a farfasa na'urar, kuma kuɗin wannan aikin ne ya sa ake caja firji daban da sauran kaya. Ragowar fenti, baƙin mai, maganin ƙwari da na ciyawa, da dogon ƙwan fitila mai ɗauke da sinadarin makuri mai guba, duk a bar su cikin mazubinsu na asali a ajiye gefe, kada a tsiyaye su a magudanar ruwa, kuma kada a haɗa biyu a gora ɗaya don rage kaya.

Mataki na biyu: a rage kayan kafin a yi ciniki

Duk abin da ya fita ta wata hanya, kuɗinsa ya ragu. Tagulla, alminiyum da baƙin ƙarfe suna da masu saye a kan awo. Kujera ko gadon da ke da sauran mamora akwai mai buƙata. Ganye da ciyawa, idan akwai ɗan fili, ana iya tara su a kusurwa su ruɓe su zama taki cikin wasu watanni. Yana da kyau kuma a tambayi hukumar tsabtar muhalli ta yankin, domin a garuruwa da yawa tana da ranar kwashe manyan kaya ko wurin karɓar kayan haɗari, kyauta ko a kan kuɗi kaɗan.

Mataki na uku: a san irin ma'aikacin da ake buƙata

Idan aikin sassabe ne da tara ganye da ɗan tarkacen da bai wuce sawu ɗaya ko biyu ba, leburori biyu ko uku masu adda da manjagara da shebur da baro sun wadatar, muddin akwai motar da za ta fitar da kayan. Idan gida ne da aka daɗe ba a zauna ba, ko an gama gini an bar ɓaraguzai, kamfani mai rajista da babbar mota ya fi dacewa. Akwai kuma masu ba da hayar babban akwatin ƙarfe, su ajiye shi a ƙofar gida na wasu kwanaki, mai gida ya cika shi a hankali, su dawo su ɗauka. Wannan ya fi sauƙi ga mai ƙarfin yin lodi da kansa, amma a wurare da yawa sai an nemi izini kafin a ajiye shi a kan titi, kuma suna da iyakar nauyi da jerin abubuwan da ba a sakawa.

Babbar bishiya kuwa sana'a ce daban. Wanda ya iya yanke ciyawa ba lallai ne ya iya kayar da bishiyar da ta jingina ga rufi ba, kuma a ganina wannan ne wurin da neman sauƙi ya fi tsada a duk aikin haraba, domin kuskure ɗaya yana rushe katanga ko ya ɗauki rai. Idan rassan sun kusanci wayar lantarki, kamfanin wuta ake fara kira, saboda wuta mai ƙarfi tana iya tsallakowa ta kama mutum ko tsani ko da ba a taɓa wayar ba. Wasu garuruwan kuma suna kare wasu bishiyoyi da doka, ba a sare su sai da izini, ko da a cikin gidan mutum suke.

Mataki na huɗu: nema da tantancewa

Shaidar maƙwabcin da aka yi wa aiki kwanan nan ta fi tallan intanet ƙarfi, domin ana iya zuwa a ga aikin, a kuma tambaye shi ko farashin da aka yi da farko shi aka biya a ƙarshe. Idan a intanet aka samo ma'aikacin, a karanta ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansa fiye da yabon, a lura ko abu ɗaya ne ake ta maimaitawa, kamar ƙarin kuɗi bayan an gama lodi ko rashin zuwa a kan lokaci. A nemi farashi daga mutum uku aƙalla, kuma a bayyana wa kowannensu aikin da kalmomi iri ɗaya da hotuna iri ɗaya, in ba haka ba ba za a iya gwada farashinsu ba. Ga aiki babba, gani ya kori ji: a sa shi ya zo ya duba da kansa, domin farashin da aka yanke a waya ƙiyasi ne kawai, kuma shi ne ƙofar da ake bi a ce kayan sun fi yadda aka faɗa.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ina za a kai kayan. Ma'aikaci na gaskiya zai ambaci sunan juji ko wurin sarrafa shara ba tare da inda-inda ba, zai faɗi kuɗin da ake karɓa a can, kuma ba zai ji haushi ba idan aka ce ya kawo rasit. Wanda ya ce kada mai gida ya damu, shi ya san yadda zai yi, sau da yawa abin da ya sani shi ne kangon wani, ko bakin rafi, ko ƙarƙashin gada da daddare. Idan farashin mutum ɗaya ya faɗi ƙasa da na sauran sosai, lissafin a fili yake: man mota da ladan leburori ba sa raguwa, don haka kuɗin juji ne aka cire. Araha ba ta ado, kuma a nan illarta ba ta tsaya ga mai gida ba, domin sharar da aka zuba a magudana ita ce take toshe kwalbati ta mayar da ruwan sama cikin gidajen mutane. A ƙasashe da dama alhakin yana komawa kan mai sharar idan aka gano ta. A Ingila, misali, dokar kare muhalli ta 1990 tare da gyare-gyarenta ta ɗora wa mai gida nauyin tabbatar da cewa wanda ya miƙa wa shararsa yana da rajista, kuma ana iya cin sa tara idan aka tsinci kayansa a gefen hanya, ko da ba shi ya zuba ba; ambulan ɗaya mai adireshi a cikin tsibin ya isa a gano shi.

Bayan wannan sai a tambayi rajista ko lasisin jigilar shara inda doka ta tanada, a kuma nemi ganin takardar, kada a tsaya ga faɗar baki. A tambayi inshora iri biyu: wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa dukiya, da wadda ke ɗaukar nauyin ma'aikacin da ya ji rauni. Ƙananan ma'aikata da yawa ba su da ko ɗaya, kuma wannan bai mayar da su mutanen banza ba, amma mai gida ya sani cewa idan haka ne, sai a yi magana a fili tun farko a kan wanda zai ɗauki nauyi idan gilashin taga ya fashe ko wani ya yanke, sannan a guji ba su aikin hawa sama. A tambaya kuma ko wanda ake magana da shi zai zo da kansa, ko kuwa zai turo wasu ne da ba su ji yarjejeniyar ba.

Mataki na biyar: ciniki da rubuta yarjejeniya

Hanyoyin yanke farashi huɗu ne aka fi sani: a kan yawan wurin da kaya suka ci a mota, a kan nauyi, a kan kowane abu ɗaya-ɗaya, ko a kan lokaci. Biyan yini ko awa ya dace da aikin da ba a san iyakarsa ba, amma yana buƙatar mai gida ya tsaya a kai, domin babu abin da ke sa ma'aikaci sauri. Akwai kuma jinga, wato kuɗi ɗaya a kan aikin gaba ɗaya, wadda ta fi kwanciyar hankali, sai dai ita kuma tana jawo gaggawa, don haka dole a fayyace abin da ake nufi da an gama. Idan a kan sawun mota ne, a san girman motar, a kuma yarda cewa mai gida zai ga kowane lodi kafin ta tashi.

Abubuwan da ke kumbura farashi daga baya sanannu ne, kuma gara a tono su tun yanzu: nisan tsibi daga inda mota za ta iya tsayawa, hawa bene, kwance manyan kaya, kuɗin juji, da ƙarin kuɗin katifa da taya da firji. Sare bishiya bai ƙunshi tuge kututture ba sai an faɗa, kuma yanke ciyawa bai ƙunshi kwashe ta ba sai an faɗa. A kuma yanke hukunci a kan ƙarafan da ke cikin tarkacen, ko na mai gida ne, ko an bar wa ma'aikata a madadin ragi, domin wannan ƙaramar magana tana yawan ɓata rabuwa.

Duk abin da aka amince a rubuta shi, ko da a saƙon waya ne da kowa ya amsa: wuraren da za a share, abin da za a kwashe, abin da ba za a taɓa ba, rana da lokaci, jimillar kuɗi, inda za a zubar, da yadda za a yi idan an samu ɓarna. Kuɗin kafin alƙalami, idan an nema, ya zama kaɗan, gwargwadon kuɗin mai ko hayar mota; ragowar sai an gama an duba.

Mataki na shida: shirin jajibiri

A yi wa kayan da za su tafi alama da fenti ko ƙyalle, waɗanda za su zauna kuma a kawar da su daga wurin gaba ɗaya, domin ma'aikacin da ke sauri ba ya bambanta tsohuwar tukunyar da aka gada da tarkace. Shukokin da ake so a ɗaura musu igiya. A sanar da maƙwabta saboda ƙura da ƙara da tsayuwar mota, kuma idan reshen bishiyar maƙwabci ne ya shigo, a yi magana da shi kafin a sa zarto. Idan za a haƙa ƙasa ko a tuge kututture, a nuna wa ma'aikata inda bututun ruwa da wayar wuta da ramin masai suke. A Amurka akwai lambar waya ta musamman, 811, da ake kira kafin haƙa don a zo a yi wa layukan ƙarƙashin ƙasa alama, inda babu irin wannan kuwa sai a koma ga taswirar ginin ko ga wanda ya yi aikin famfo da wuta. Babbar mota mai kaya tana iya rufta murfin ramin masai ko ta fasa daɓe, don haka a zaɓa mata wurin tsayawa tun da wuri. Idan an yi ruwan sama, gara a ɗaga aikin, saboda jiƙaƙƙen kaya ya fi nauyi, kuma taya tana kafewa a laka.

Mataki na bakwai: ranar aiki

Da isowarsu, mai gida ya zagaya da shugaban ma'aikatan su maimaita yarjejeniyar a gaban kayan, kuma shugaban kaɗai za a riƙa ba umarni, don kada magana ta rabu biyu. Yara da dabbobi su kasance a ciki. Tsibin da ya daɗe a wuri ɗaya mazaunin macizai ne da kunamu da ɓeraye da rina, saboda haka a fara motsa shi da dogon ƙarfe ko manjagara kafin a sa hannu. Safar hannu mai kauri da rufaffen takalmi wajibi ne, takunkumi kuma inda ƙura ta yi yawa. Wanda ƙusa ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan take ya je asibiti, domin ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa take zaune, kuma allurar rigakafinta ana sabunta ta ne kusan duk shekara 10.

Idan wani ya kawo shawarar a cinna wa tsibin wuta don a rage sawu, a ƙi. Leda da roba da taya da katako mai fenti suna fitar da hayaƙi mai guba idan sun ƙone, wutar kuma tana iya kuɓucewa cikin busasshiyar ciyawa, ga shi garuruwa da yawa sun hana. Idan kuma aka tono wani abu da ba a yi cinikinsa ba, kamar ɓaraguzai a ƙarƙashin ciyawa, a dakata a yanke masa farashi kafin a loda shi, domin bayan ya hau mota mai gida ba shi da sauran bakin ciniki.

Mataki na takwas: dubawa da biya

Kafin a biya ragowar kuɗi, a sake zagayawa da hotunan farko a hannu. A duba katanga da ƙofa da famfo da shukoki, a duba ko an share titin da aka yi lodi, a kuma bi ƙasa da maganaɗisu inda aka tara katako, saboda ƙusoshi suna nutsewa cikin ƙasa su jira ƙafar yaro ko tayar mota. Ɓarnar da aka gani a nuna ta a ɗauki hotonta ma'aikatan suna nan. A karɓi rasit mai sunan ma'aikacin da lambar motarsa, a kuma nemi rasit ɗin juji ko hoton kayan a can. Idan sawun ƙarshe bai riga ya tafi ba, babu laifi a riƙe wani kaso kaɗan har sai shaidar ta iso, muddin an faɗi haka tun a yarjejeniya.

Sauran aiki ɗaya ya rage wa mai gida bayan kowa ya watse, wato ya fita bayan ruwan sama na farko ya duba inda ruwa ya kwanta. Gurbin kututture da sawun tayar mota suna zama ƙananan kududdufai irin waɗanda sauron zazzaɓin cizon sauro ke so, yayin da taya ɗaya ko gwangwanin da aka manta a bayan ɗaki ya ishi sauron da ke yaɗa dengi da shawara, wanda ke tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. A cike ramukan da ƙasa a daddanne, a kife duk mazubin da ya rage, a kuma yashe magudanar da ganyen aikin ya faɗa ciki.